Sujadar Iyali: Littattafan da Ke Renon 'Ya'yan Masu Bi a Arewa

Da zarar Disamba ta kama, tun kafin a shiga hidimar ɗinkin Kirsimeti da awon shinkafa, akwai wani kaya da ke riga kowa isa majami'u a Jos da Kafanchan da Kaltungo da Numan da Zuru. Kwalaye ne cike da wani ɗan littafi mai shafi guda ga kowace rana ta shekarar da ke tafe. Bayan wa'azi magatakarda zai miƙe ya yi sanarwa cewa ya iso, kowa ya nemi nasa kafin ya ƙare. Mai hali ya sayi biyu, ɗaya na gida, ɗaya a aika wa tsohuwa a ƙauye. Wanda aljihunsa bai kai ba ya ce a ajiye masa zuwa ƙarshen wata, ko kuma ya sake bin na bara, tunda ranakun mako ne kawai za su saɓa.

Littafin karatun kullum ke nan, kuma shi ne na uku cikin littattafan da da wuya a rasa su a gidan Kirista mai jin Hausa. Na farko Littafi Mai Tsarki, mai baƙin bango, wanda sau da yawa an ɗinka masa riga ta yadi ko ta leda saboda damina da gara. Na biyu Littafin Waƙoƙi. A gidaje da dama, in ka ɗebe littattafan makarantar yara, waɗannan ukun su ne iyakar abin karantawa. A kansu iyaye suka ɗora babban fata: su cusa wa yaro tsoron Allah, gaskiya, ladabi da riƙon amana.

Wanda ya tashi a cikin birnin Kano ko Sakkwato zai iya mamakin yawan mutanen da ke yin ibadar Kirista da Hausa. Daga kudancin Kaduna zuwa Filato, daga Tafawa Ɓalewa zuwa ƙasar Tangale, Adamawa, Taraba, kudancin Borno, ƙasar Zuru, ƙauyukan Maguzawa a Kano da Katsina, har Maraɗi da Damagaram a Nijar, da Hausa ake wa'azi, da ita ake ɗaura aure, da ita ake jana'iza. Sunayen ekklesiyoyin ma sun isa shaida: Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, da Haɗaɗɗiyar Ekklesiyar Kristi a Nijeriya, da inuwar da ta tara da yawa daga cikinsu tun 1955, wadda a yau ake kira Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya.

Yadda zaman yake

Sujadar iyali ake ce masa, wasu su ce addu'ar safe. Galibi uwa ce ke bi ɗaki-ɗaki tana tashin yara wajen ƙarfe biyar. A fito falo ko tsakar gida, ƙanana suna layin barci, kowa a ƙudundune cikin zane in hunturu ne, balle a Filato inda sanyi ba ya wasa. Wani ya kira lambar waƙa. Ba lallai a buɗe littafin ba, don manya sun haddace, yara kuma suna bin baki. Daga nan maigida ya buɗe shafin ranar, ya faɗi sura da aya, a yi zagaye kowa ya karanta ɗaya ko biyu.

A wannan zagayen ne asirin kowa ke tonuwa. Ɗan aji uku zai zo kan suna irin Nebukadnezzar ya cije, ya koma baya, ya sake ɗaukowa, yayyensa suna danne dariya, uwa tana aika musu harara. Uban ya ce, "Auta, a hankali, raba shi gida-gida." Kaka tana gefe a kan tabarma, ba ta taɓa shiga aji ba, amma ita ce za ta gyara wa mai karatu in ya tsallake layi, domin ta ji wannan sura fiye da sau ashirin a bakin mutane dabam-dabam. Bayan an karanta ɗan bayanin da ke shafin, a tambayi yara abin da suka koya. Sannan a tattara buƙatun addu'a: jarrabawar wance, ciwon gwiwar Kaka, kuɗin taki, wani ɗan'uwa da zai hau hanyar Abuja. Kafin rabin awa an watse, an ɗora ruwan koko.

Abin lura a nan shi ne, littafi ɗaya ne, kunnuwa kuwa takwas ko goma. Mai karanta wa kansa in jimla ta yi masa nauyi yana iya komawa ya sake dubawa. Mai sauraro ba shi da wannan dama, in ta wuce ta wuce. A ganina wannan shi ne ma'aunin farko na duk littafin da aka ce na iyali ne: a karanta shi da ƙarfi, tsohuwa da ɗan shekara bakwai su fahimta a tashin farko. Littattafai da yawa da ke cike da ilimi a nan suke faɗuwa.

Daga Dorugu zuwa Wusasa

Tarihin wannan karatu ya faro ne nesa da ƙasar Hausa. Wani Bajamushe mai aiki da mishan ɗin CMS, James Frederick Schön, ya bi ayarin Turawan da suka hau kogin Kwara a 1841, ya dawo da sha'awar Hausa. Ƙafarsa ba ta taka Kano ko Katsina ba. A Ingila ya yi yawancin aikinsa, kuma wanda ya fi ba shi Hausar baka shi ne Dorugu, wani saurayi ɗan ƙasar Damagaram da aka taɓa bautarwa, wanda matafiyin nan Heinrich Barth ya tafi da shi Turai a 1855. Da taimakonsa Bisharar Matiyu ta fito a 1857, Sabon Alkawari kuma ya kammala a 1880. Masu karanta su a lokacin ba su taka kara sun karya ba.

Aikin da ya shiga gidaje shi ne na Dakta Walter Miller. Yana cikin ayarin Bishop Tugwell da ya isa Kano a 1900, Sarki Alu ya ce su juya. Miller ya zauna a Girku, daga baya ya samu wuri a cikin birnin Zariya a 1905, kafin a mayar da mishan ɗin Wusasa a ƙarshen shekarun 1920. Shi da abokan aikinsa na wasu mishan, da Hausawan da suka zauna da shi suna tace magana, suka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932. A wannan ƙaramar al'umma ta Wusasa aka yi Dakta R.A.B. Dikko, likitan boko na farko daga Arewa, a nan Janar Yakubu Gowon ya girma a gidan mahaifinsa mai bishara, kuma daga cikinta John Tafida ya fito, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Wato hannun da ya taimaka wa adabin ekklesiya yana cikin waɗanda suka aza harsashin ƙagaggen labarin Hausa na boko.

Sai dai abin ya ɗauki wata hanya da masu fassarar ba su zata ba. Burinsu Hausawan birane ne. Gwamnatin mulkin mallaka kuwa, don kada ta ɓata da sarakuna, ta taƙaita shigar mishan cikin masarautun Musulmi, don haka ƙarfinsu ya karkata zuwa duwatsun Filato da kwarin Binuwai. Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda ta faro a 1893, da SUM ta Karl Kumm da ta sauka Wase a 1904, da 'yan Denmak a Numan daga 1913, da 'yan Brethren a Garkiɗa daga 1923, duk suka tarar da harsuna barkatai, wani lokaci ƙauye da ƙauye ba sa jin juna. Hausa ce harshen kasuwa, ga kuma littafi a shirye. Da haka littafin da aka yi domin Bakano da Bazazzagi ya zama na gidan Birom da Angas da Bajju da Atyap da Tangale.

Karatu kuma ya biyo bangaskiya a baya. A tashoshi da yawa an fi so mai neman baftisma ya zauna aji har ya iya karanta Littafin da kansa, in ba tsohon da ido ya gaza ba. Mai bishara a ƙauye shi ne malamin yaƙi da jahilci tun kafin gwamnatin Arewa ta ƙaddamar da nata a shekarun 1950. SIM ta buɗe kantunan littattafai da suka zama Challenge daga baya, ta buga mujallar Labarin Ekklesiya da Hausa, da African Challenge da Turanci daga 1951. Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1966, ta fitar da sabuwar fassara a 1979 da Hausa mai sauƙi, daga baya kuma aka samu wasu, ciki har da Sabon Rai Don Kowa. Har yau akwai dattawan da ba su yarda su saki ta 1932 ba. Da ita suka yi hadda, kuma abin da aka haddace da ƙuruciya ba ya son a taɓa masa ko wasali.

Shafi guda a rana

Tsarin shafi guda ga kowace rana baƙo ne daga Turai. A 1879 ƙungiyar Scripture Union ta fara raba wa yara a Ingila ɗan kati mai nuna inda za su karanta kullum, ba bayani, ba komai. Daga baya aka soma haɗawa da sharhi. Wasu daga cikin shahararrun littattafan wannan fanni ma ba masu su ne suka tsara su ba: na Oswald Chambers, wanda ya rasu a Masar a 1917, matarsa ce ta harhaɗa shi daga jawabansa da ta riƙa rubutawa. Our Daily Bread na Amurka ya fara fita a 1956.

A Arewa, wanda ya fi zama ɗan gida shi ne Abincin Yini na ekklesiyar ECWA, mai ɗan'uwa da Turanci. Ƙirarsa ba ta da wuya: wurin karatu, aya ta haddacewa, gajeren bayani, sai addu'a. Amfaninsa a fili yake. Littafi Mai Tsarki yana da littattafai 66 a wurin Furotesta, 73 a wurin Katolika, kuma surorin 66 ɗin nan sun kai 1,189. Manomin da ya buɗe shi ba jagora zai fara da Farawa cikin ɗoki, ya ratsa Fitowa, ya zo ya maƙale a dokokin hadaya na Littafin Firistoci. Ɗan littafin kullum yana kama hannunsa, yana kuma haɗa shi da dubban gidaje da ke kan aya guda a safiya guda, ta yadda in mata suka haɗu a bakin famfo suna iya ɗauko zancen inda aka tsaya.

Yanzu kuwa kasuwar ta cika. Manyan majami'un Fentikos na kudu da Abuja kowace da nata: Open Heavens na Fasto Adeboye, Daily Manna na Fasto Kumuyi, Rhapsody of Realities na Fasto Oyakhilome, Seeds of Destiny na Fasto Enenche. Anglika suna da Daily Fountain. A ba su haƙƙinsu, bugunsu tsaf, ba sa makara, wasunsu har da na yara da na matasa dabam, abin da ekklesiyoyin Arewa suka daɗe suna jan ƙafa a kai. Za ka shiga gidan ɗan ekklesiyar COCIN ko ECWA ka tarar uba yana riƙe da na ekklesiyarsa, 'yarsa da ke jami'a tana bin wani a waya.

Damuwata da irin wannan karatu biyu ce. Ta farko, shafin yana iya cinye Littafin. A gida mai gaggawa sai a karanta aya ɗaya da ke sama, a karanta bayanin marubuci, a rufe. Shekara ta zagayo yaro ya ji ra'ayin mutum guda sau 365, amma bai taɓa jin labarin Yusufu daga farko har ƙarshe ba. Ta biyu, wasu daga cikin na zamani sun fi karkata ga buɗi da ɗaukaka da cin nasara a kan maƙiya. Ba wanda ke ƙin buɗi. Amma yaron da kullum aka ce masa shi ne kai, ba a cika gaya masa yadda zai yi ranar da ya faɗi jarrabawa, ko ranar da aka ba shi canjin da ya fi nasa a kanti ba.

Mutumin kirki

A 1974 Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Adamawa kafin ya koma koyarwa, ya wallafa wata lacca kan abin da Bahaushe ke nufi da mutumin kirki. Ya lissafo gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ka karanta wa uwa Kirista a Zonkwa ko uwa Musulma a Daura wannan jeri, kowace za ta ce abin da take nema wa ɗanta ke nan. Inda aka rabu shi ne tushe da hanya. Mai bi zai ce halin kirki 'ya'ya ne da Ruhu ke haifarwa a zuciyar wanda ya tuba, ba ƙoƙarin mutum kaɗai ba. Amma a tsakar gida, abin da ido ke gani ɗaya ne: yaro ya gaishe da na gaba, ya dawo da canji cif, ya faɗi gaskiya ko za a dake shi.

Kuma abin da ke dasa wannan a zuciyar yaro labari ne, fiye da doka. Ɗauki Yusufu, daga sura 37 ta Farawa zuwa ta 50. 'Ya'ya goma sha biyu maza daga ɗakuna huɗu, uba ya fifita ɗan matar da ya fi so har ya yi masa riga ta musamman, 'yan uba suka ƙulla masa sharri. Yaron Arewa ba ya buƙatar sharhi kafin ya gane wannan gida, yana iya nuna maka irinsa a layinsu. Maƙwabcinsa Musulmi ma ya san labarin daga Suratu Yusuf. Ga amana a gidan Fotifar, ga haƙuri a kurkuku, ga yafiya lokacin da wuƙa da nama suka dawo hannunsa. Littafin Rut sura huɗu ne kacal, ana gama shi a zama ɗaya, kuma duk matar da ta zauna da uwar miji ta san nauyin abin da Rut ta yi wa Na'omi. Littafin Karin Magana, wanda tsohuwar fassara ke kira Misalai, yana da sura 31, shi ya sa gidaje da yawa ke bin sa da kwanan wata. Maganarsa ta kasuwa ce da gona: mudun algus, ragwanci, shaye-shaye, tsayawa wani lamuni, tsegumi. Kunnen da ya saba da karin maganar Hausa yana karɓarsa ba gardama.

Matsalar tana ga littattafan tarbiyya da ke kewaye da Littafin. Shiga kantin littattafan Kirista a Jos ko Kaduna ka duba sashen aure da iyali. Mafi yawa daga Amurka suke, irin na James Dobson da Gary Chapman, kuma akwai hikima a ciki. Sai dai gidan da suke magana a kai na miji da mata ne da 'ya'ya biyu ko uku, kowane yaro da ɗakinsa. Ba su san ɗan riƙo ba, wanda ke cin abinci bayan 'ya'yan gida sun ci. Ba su san mutumin da ya tuba yana da mata biyu ba, ko gwauruwar da dangin miji suka kwashe mata kaya kafin a share makoki. Ba ruwansu da satar amsa da iyaye da kansu ke biya, ko burkutu a ranar kasuwa, ko ƙwayar da ke cin samari a unguwa. Ba su kuma san gidan da kawu Musulmi ne, goggo Kirista ba, inda ake kai wa juna naman Sallah da shinkafar Kirsimeti, alhali wannan shi ne gidan dubban mutane daga Zariya zuwa Biu.

Akwai kuma wurin da ya fi kowanne zafi. Kafanchan 1987, Zangon Kataf 1992, Kaduna 2000, Jos 2001 da 2008 da 2010. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan an yi gawa a ɓangarorin biyu, kuma yaran da suka gani su ne iyayen yau. A Afrilun 2014 aka sace 'yan mata 276 a Chibok, yawancinsu 'ya'yan EYN, a watan Oktoba kuma Boko Haram ta mamaye hedikwatar ekklesiyar a Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka koma Jos na wani lokaci. EYN kuwa ta gaji koyarwar ƙin ɗaukar makami daga waɗanda suka kafa ta. To, ka ƙaddara shafin ranar ya faɗo kan umarnin Yesu na ƙaunar maƙiyi, a ɗakin haya na iyalin da aka ƙone wa gida. Yaro ya ɗaga kai ya ce, "Baba, har da waɗanda suka kashe Kawu?" Bayani mai layi goma sha biyar ba zai amsa wannan ba. Uban ne zai amsa, da abin da zai faɗa, da kuma yadda yaron zai ga yana gaisawa da mai shagon bakin layi washegari. Abin da littafi zai iya yi shi ne ya ba uban kalmomin da zai fara da su, kuma wanda zai rubuta irin wannan sai wanda ya sha daga ƙwaryar.

Harshe uku a ɗaki ɗaya

Ko da an samu abin faɗa, da wane harshe za a faɗe shi? A gidan ma'aikaci a Jos ko Kaduna yau, Kaka tana tunani da Tyap ko Angas ko Bura, iyaye sun yi Makarantar Lahadi da Hausa, yara kuma makarantar kuɗi suke, inda a wasu wurare har tara ake ci in an ji yaro yana yaren gida. Suna jin Hausa, suna yin ta a titi, amma ka miƙa musu Abincin Yini sai su riƙa haɗa baƙi kamar masu tsallaka rafi a kan duwatsu. In aka koma Turanci an bar Kaka a baya. Yawancin gidaje sulhu suke yi: waƙa da Hausa, karatu da Turanci, Kaka ta rufe da addu'a da yarenta.

Wasu 'yan boko na waɗannan ƙabilu suna ganin Hausa ce ta danne harsunansu, kuma ekklesiya ta taimaka wajen dannewar. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Shi ya sa cibiyar fassara ta NBTT da ke Jos da takwarorinta suka shafe shekaru suna fitar da Sabon Alkawari da harsuna da dama. Amma fitar da littafi daban, samun mai karanta shi daban. Mutum da yawa yana alfahari da kwafin yarensa, ya je bikin ƙaddamarwa da anko, ya dawo ya ajiye, da asuba kuma na Hausa zai jawo, don da shi idonsa ya saba.

A Nijar lissafin ya sake. Can Kiristoci 'yan kaɗan ne, tushensu tashoshin SIM irin na Damagaram daga 1924 da Tsibiri da asibitin Galmi, kuma da yawansu Hausawa ne gaba da baya. Makaranta da Faransanci take, don haka sau da yawa a majami'a da gida yaro ke goge karatun Hausarsa. Littattafansu da dama daga Nijeriya suke ƙetarawa, saboda haka rufe iyaka irin na 2019 da na bayan juyin mulkin 2023 yana taɓa har wannan ɗan ciniki.

Takarda, waya, da waɗanda ba su rubuta ba

Tsada ma ta sa hannu. Masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe ba sa biyan buƙatar ƙasa, kusan duk takardar bugu daga waje take zuwa, kuma tun da aka saki naira a 2023 farashin littafi ya bi dala. Waya ta cike wani giɓin. Ana saukar da Littafi Mai Tsarki na Hausa kyauta a manhajar YouVersion, ana tura shafin ranar a zaurukan WhatsApp tun kafin gari ya waye, wanda bai iya karatu ba kuma yana saurare daga katin waya, kamar yadda iyayensa suka saurari Muryar Bishara da ELWA a rediyo. Illar ita ce waya ta mutum ɗaya ce. Kowa ya karanta nasa a kan gado ya ce ya yi sujada, zagayen nan da ake gyara wa auta karatu ya mutu. Wasu iyaye sun gano haka, sun ce a ajiye wayoyi a kan tebur har a ce amin.

Babban rashi dai na yara ne. Manya suna da nasu: maɗaba'ar ACTS da ke Bukuru, kusa da kwalejin tauhidi ta TCNN, tana buga littattafan fastoci, har da fassarar Hausa ta babban sharhin Littafi Mai Tsarki da malaman Afirka suka rubuta, wanda ya fara fita da Turanci a 2006. Amma ka nemi littafin labari da Hausa, mai zane, wanda ya ɗauko yarinya mai tallar masara a Kagoro ko yaro mai kiwon awaki a Billiri ya sa su cikin jarabar ƙarya ko sata ko ramuwa, za ka sha yawo. Abin da ke akwai yawanci fassara ce, zanen ma na wata ƙasa. Masu digirin tauhidi kuwa da Turanci suke rubutu, domin da shi ake ƙarin girma.

Abin ban haushin shi ne, gwanayen suna nan. Duk wanda ya taɓa zama a taron Zumuntar Mata ya ji yadda matan nan ke ɗaukar labarin Hannatu ko na ɗa mubazzari su mayar da shi waƙa da tulu da kacau-kacau, da Hausar da ba ta da ƙaiƙayi, har da zambo ga miji mashayi da matar da ba ta riƙe sirri. Su ne ke tashin yara da asuba, su ne ke koyarwa a Makarantar Lahadi, sun san inda yaro ke gajiya da inda yake buɗe ido. Marubutan Kano, irin su Balaraba Ramat Yakubu da takwarorinta, sun nuna tun shekarun 1980 da 1990 cewa ƙaramin littafin Hausa mai araha, wanda mace ta rubuta kan abin da ke faruwa a cikin gida, yana samun masu saye ba tare da jiran wani babban kamfani ba. Ekklesiya ma ta fi su samun sauƙi, don tana da masu karatu a tare duk ranar Lahadi, da hanyar rarrabawa da ta kai har ƙauyen da mota ba ta shiga. Littafi mai shafi talatin da biyu, da manyan baƙaƙe da zanen gida, wanda za a sayar a ƙofar majami'a ranar taron mata, bai fi ƙarfin gunduma guda ta ECWA ko COCIN ko EYN ba.